Gaisuwar da Ta Cinye Mini Jami'a

Ko da zan manta ranar ɗaurin aurena (Hajiya ta yafe mini), ba zan taɓa mantawa da shekarar da na tashi shiga jami'a ba. Amma bari in fara faɗa muku ko ni wane ne, don kada wani ya ɗauka da ƙaramin mutum yake magana. A duk Ayigya Zango, kai har ka dangana da tashar Race Course, babu wanda ya san sirrin jami'a kamar ni. Shekara ashirin da ɗoriya ɗalibai suna haya a gidana. Injiniyoyi sun kwana a ɗakunana, likitoci sun bi layin banɗaki a tsakar gidana, akwai ma wani da yanzu ake ce masa Dakta wanda ni na koya masa kashe ɓera da takalmi. An ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. To ni kaina ya yi fari fat da ilimi, takardar ce kawai ban je na karɓa ba.

Abin ya faro ne ranar da wani dattijo Ba'asante, Mista Owusu, ya zo neman ɗaki. Furfurarsa ta fi tawa. Na tambaye shi ɗansa yake nema wa ko jikansa, ya ce shi ne ɗalibin. Na yi dariya har na riƙe ciki, shi kuwa ko murmushi bai yi ba. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ashe manyan makarantun nan masu suna, waɗanda yaranmu ke kashe kansu da karatu don su samu gurbi, suna da wata ƙofa ta gefe, ƙofar manya. In ka haura shekara ashirin da biyar, ba a tsananta maka a kan sakamakon sakandare. Ka sayi fom, ka je darasin share fage ranakun Asabar na 'yan makonni, ka zauna jarrabawa, shi ke nan. In ka gama kuwa, sunan makarantar da ke kan takardarka shi ne ke kan ta yaron da ya rame da karatu.

Ranar ban iya cin tuwo ba don murna. (Ƙarya nake, na ci malmala uku.)

Da la'asar na isa majalisarmu ta gindin mangwaro, inda muke shan shayinmu na ataya, na hau bayani kamar ni na gina ƙofar. Na ce makarantar da ba zan kama sunanta ba, wadda in an ambace ta surukai ke rage sadaki, shigarta ta fi shiga trotro, motar hayar nan tamu, sauƙi. Abokina Awudu, direban babbar mota ne a Race Course, ya ajiye kofinsa ya dube ni.

“Maigida, in abin da sauƙi haka, me ya hana ka tun shekara ashirin?”

“Ban so in tsorata yaran da ke haya a gidana ba,” na ce. “Amma bana zan shiga. Kai ma da ka san sitiyari kawai za ka iya. Kai, ko Hajiya ta gidana za ta iya.”

Baki shi ke yanka wuya. Kafin in isa gida maganar ta riga ni, don a Zango labari ba ya jiran trotro. Na tarar da matata Adiza tana tsince wake. Shekara goma sha takwas tana sayar da waakye, wake da shinkafar nan tamu, a bakin titi, kuma rabonta da aji tun kafin a haifi 'yarmu ta fari. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

“Alhaji, na ji an ce ko ni zan iya.”

“Yabo ne, Hajiya.”

“To na gode da yabo. In ka tashi sayen fom, ka sayo biyu.”

Uku aka saya, don Awudu ma ya ce sai ya ga ƙarshen bakina.

Aka fara darasin Asabar. Hajiya takan tashi ta gama tukunyarta, ta bar wa ƙanwarta sayarwa, ta rataya jaka, su haɗu da Awudu a bakin titi su tafi. Ni sau ɗaya na je. Na zauna a bencin baya, malamin ya fara koyar da yadda ake rubuta wasiƙa zuwa ga hukuma, na dube shi na ga ai a haife na haife shi. Ni da na rubuta wa mutanen ruwa da na lantarki wasiƙu har sun san rubutuna? Na sulale na koma wajen ataya. Hajiya ta ce mini ba a fafe gora ranar tafiya, na ce mata ni da gorana a fafe aka haife ni.

Ranar jarrabawa na sa babbar riga, na fesa turaren da sai da mai gadi ya yi atishawa. Takardar lissafi ta fara zuwa. Tambaya ɗaya na tuna: trotro tana ɗaukar mutum goma sha biyar, mota nawa za ta kwashe mutum casa'in? Na yi murmushi. Wanda ya rubuta wannan bai taɓa tsayawa a tasha ranar jajibirin Sallah ba. Na rubuta huɗu, har na ƙara da cewa in kwandastan ya san aikinsa, uku ma sun isa.

Sai takardar Turanci. Aka ce ka rubuta wa wakilin unguwarku a majalisar gari wasiƙa a kan kwatar da ta toshe, ka nemi a gyara. Minti arba'in. Nan na gyara zama, don an zo gidana.

Jama'a, ku faɗa mini gaskiya. Wane ɗan Zango ne mai tarbiyya zai shiga wajen babban mutum ya faɗa masa buƙata tsaye? Ai sai an gaisa. Na fara da sunan Allah. Na gaishe da wakili, na tambayi lafiyarsa da kwanan iyali. Na gaishe da uwargida da yara, kowa da matsayinsa. Na tambayi gajiyar aiki, na tambayi ruwan saman da aka yi. Na tuna wakilinmu ya yi rashin yayarsa, to ina zan wuce ban yi ta'aziyya ba? Na yi ta cikakkiya, da addu'a. Na yi masa barka da cin zaɓe, na tuna masa cewa ni da mahaifinsa mun taɓa cin goro ɗaya. Duk wannan da Turanci, Turancin da ni kaina ban san ina da shi ba. Na cika shafi uku. Na ɗaga biro ke nan zan rubuta “bayan gaisuwa”, sai na ji an ce kowa ya ajiye abin rubutu.

Ko a jikina. Na ce duk malamin da ya karanta wannan ya san ya haɗu da ɗan mutunci, kwata kuwa ai kowa ya san da ita.

Da muka fito, Hajiya tana ta juyayin ta manta wani abu a lissafi, Awudu ya yi gumi har cikin hula. Na lallashe su, na ce in ba su samu ba bana, ni zan riƙa koya musu da yamma. Daga nan ban tsaya ba. Na shiga kasuwa na zaɓo yayi, atamfar da dangi ke ɗinkawa iri ɗaya ranar biki, shuɗiya mai zanen littafi. Na aika wa 'yan'uwa har na Tamale. Na sa ranar walima, Asabar ɗin makon da za a fitar da sakamako. Na gayyaci liman. Na sayi rago, na ɗaure shi a ƙofar gida inda duk mai wucewa zai tambaya.

Ranar Laraba da hantsi wayar Hajiya ta yi ƙara. Saƙo ne: an ɗauke ta. Ta saki ludayi ta yi guɗa har ragon ya tsinke igiya. Ba a jima ba Awudu ya kira daga hanyar Techiman yana ihu, shi ma an ɗauke shi. Na duba tawa wayar. Shiru. Na kashe na kunna. Na cire sim na goge a riga. Na hau saman bene na ɗaga ta sama kamar mai neman wata. Saƙo ɗaya ya shigo, na kamfanin waya, wai in sayi waƙa.

Na ce wa mutanen gida kada su damu, waɗanda suka yi fice ba a aika musu saƙo, kiransu ake yi ofis. Ranar Alhamis kiran bai zo ba, sai na kai kaina. Don kada a ce ban shirya ba, na sa yayin. Hajiya ta ce za ta raka ni, Awudu ma ya biyo mu, wai ya zo taya ni ɗaukar kyauta.

A ofishin muka sami wata Madam mai tabarau, Ba'asantiya, mai fara'a. Na gaishe ta yadda ya kamata (a taƙaice, minti biyar), na ba ta lambata. Ta danna kwamfuta, ta dubi allon, ta dube ni. Sai ta cire tabarau.

“Ei, Papa! Kai ne mai gaisuwar?”

Na ce ni ne, ƙirjina ya ƙara faɗi. Na juya na kalli Awudu don ya shaida.

Ta leƙa ƙofar ciki ta yi kira da yarensu na Twi. Kafin ka ce kwabo mutum shida sun fito, har da wani mai cin ayaba. Suka kewaye ni suna miƙo hannu. Wani ya ce tun da yake duba takardu bai taɓa ganin wanda ya yi wa mutum ta'aziyya a jarrabawa ba. Wata ta tambaye ni, tana share hawaye, ko wakilin ya samu sauƙin rashin. Mai ayaba ya ce shi abu ɗaya ke damunsa har yau: kwatar nan, an gyara ta kuwa?

A nan ne jikina ya fara ba ni cewa wannan dariyar ba ta karramawa ba ce.

Madam ta sassauta murya ta ce ana neman maki hamsin, ni kuwa talatin da ɗaya na samu. Mai hankali a nan zai yi godiya ya nemi ƙofa. Ni jinin kasuwa ne ya motsa. Na jawo kujera na zauna, na tura hula gaba.

“Madam, hamsin ɗin nan, nawa ne gaskiyarsa?”

“Papa, hamsin ne.”

“Haba. Te so kakra,” na ce mata, wato ta ɗan rage, yadda muke yi da masu tumatir. “Mu haɗu a arba'in. Ni in hau, ke ki sauko.”

“Ko na sauko arba'in, Papa, ba ka kai ba.”

“To mu uku muka zo, gida ɗaya. Wanda ya sayi uku ai ana yi masa gyara. Ki duba na Hajiya, in akwai ragowa a zuba mini.”

Ta duba kuwa, ta ce Hajiya saba'in da takwas ta samu. Awudu ya fita waje da gudu, ina jin dariyarsa tana dukan bango. Har na miƙe na yi kamar zan tafi, don a kasuwa in ka juya baya ake kiranka. Na taka a hankali har bakin ƙofa. Na ƙara tsayawa ina gyara takalmi. Ba wanda ya kira ni. Hajiya ce ta kamo hannun rigata ta ce, “Alhaji, don girman Allah mu tafi, ka bar mini fuskar da zan dawo da ita.”

Walima dai ba ta fasu ba, don mutanen Tamale sun riga sun iso kuma rago ya riga ya ga wuƙa. Liman ya yi addu'a ga ɗalibai biyu, Hajiya Adiza da Malam Awudu, sannan ya ƙara da “da wanda ya nuna musu hanya”, jama'a suka ce amin da wata irin murya. Ni na yi ta zagayawa cikin atamfa mai zanen littafi ina raba nama. Duk wanda ya tambaye ni yaushe za mu fara, sai in cika masa kwano don bakinsa ya samu aiki.

Abin da na koya, in ma na koya, shi ne ƙofar manya da gaske tana da faɗi, ban yi wa kowa ƙarya ba. Sai dai duk faɗinta ba ta ɗaukar mutum da girman kansa a lokaci guda, dole ɗaya ya jira a waje. Kuma in babban mutum ya ba ka minti arba'in, ka fara da kwata.

Da baƙi suka ragu, na samu Hajiya a gindin murhu, na ce mata cikin murya ta mai haƙuri, baɗi zan sake gwadawa, kafin nan kuma ban san abin da zan yi da ranakun Asabar ɗina ba. Ta miƙo mini babban ludayin waakye, ta gefen mariƙi.

“Na samo maka gurbi, Alhaji. Asabar da Lahadi ina aji. Wannan makarantar ba a jarrabawa, amma don Allah in mutum ya ce a ba shi na sidi biyar, ka bar gaisuwa ka zuba masa kafin abincin ya huce.”