Yadda Za Ka Kalli Fim Karo Na Arba'in Kamar Yau Ka Fara Ganinsa

Idan barci ya ƙaurace maka jiya saboda ka ce wa wadda kake nema ba ka taɓa ganin fim ɗin da ta fi so ba, alhali ka kalle shi sau talatin da tara, ita kuma ta gayyace ka ku kalla tare da mahaifiyarta, to kwantar da hankalinka. Matakan nan suna aiki, na ba ka tabbaci. An gwada su a kan mutum ɗaya, Sebastian, malamin labarin ƙasa a wata sakandare a Samaru, kuma har yanzu yana nan da ransa.

1. Ka fahimci girman abin da ka aikata

A Hanwa, gidan su Martina, wadda Sebastian yake nema, ba a yi wa mai neman aure tambayoyi. Zaunar da shi ake yi ranar Lahadi bayan an taso daga coci, a kunna masa wani tsohon fim ɗin Indiya na wani mai raba wasiƙu da wata nas. Mahaifiyarta, Mama Elizabeth, kuma sai ta ja kujera inda za ta riƙa ganin fuskarsa. Wanda ya riga Sebastian zuwa, wani Brian, minti goma da farawa ya ce, "Ku lura da kawun nan, shi ne mugun." Ba a ƙara ganinsa a Hanwa ba.

Shi ya sa da Martina ta ce, "Ka taɓa ganinsa?" Sebastian ya ce a'a tun kafin ya yi shawara da kansa. Alhali tun yana aji biyu a jami'a Chuks, mai shagon tura finafinai a Sabon Gari, ya zuba masa shi a waya. Waya uku ya canja, fim ɗin yana binsa. Shi ya kunna ranar da ya faɗi jarrabawa, shi ya kunna a watannin zaman jiran aiki, shi ya kunna makon da aka binne mahaifinsa. Ya san cewa komai tsanani, a ƙarshe za a yi biki a yi rawa.

2. Ka horar da fuskarka

Mamaki iri uku ne. Ƙarami, ɗaga gira ɗaya. Matsakaici, gira biyu. Babba, buɗe baki tare da dafe gwiwa. Tsaya gaban madubi ka maimaita har su zauna. Kada ka yi babban fiye da sau biyu a fim guda, domin mai ilimi ba ya yawan mamaki.

Kada kuma ka yi atisayen a wurin aiki. Sebastian ya gwada a ɗakin malamai, mataimakin shugaban makaranta ya tambaye shi ko haƙori ne.

3. Ka kulle leɓɓanka

Ba ka jin Indiyanci ko kalma ɗaya, amma waƙoƙi shida suna kwance a bakinka, kuma ba za su nemi izininka ba kafin su fito. Maganinsu gyaɗa. Da zarar an fara kiɗa, cika bakinka. Bakin da ke tauna ba ya waƙa. Masana sun daɗe da tabbatar da haka.

4. Ka yi tambayar wauta, amma daidai gwargwado

Ranar Lahadin, Sebastian ya gyara zama a kujerar baƙi, ya bari kawun ya bayyana, sannan ya ce, "Mama, wannan kamar mutumin kirki ne, ko?"

"Uhm," in ji Mama Elizabeth. "Ci gaba da kallo dai, ɗana."

"Haba Malam Sebastian," Martina ta ce, "kai da ka yi digiri, ba ka ga idonsa ba?"

Ka shanye irin wannan. Abin da za ka kiyaye shi ne dariya kafin lokacinta. Akwai wurin da akuya take cinye wata wasiƙa. Sebastian ya fara murmushi tun akuyar ba ta shigo ba. Dole ya mayar da shi tari, aka kawo masa ruwa, ya shanye kofi guda ba tare da ƙishi ba.

5. Kada ka miƙe don an ɗaura aure

A nan ne nasa ilimin ya ƙare. Awa biyu da minti goma, aka yi bikin, aka yi rawar. A wayarsa, a daidai nan hoton yake ɗaukewa. Don haka ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga wandonsa, ya miƙe, ya faɗi jimlar da ya kwana uku yana shiryawa: "Gaskiya, Mama, ƙarshen nan ya yi ma'ana."

"Wane ƙarshe? Zauna."

"Saura minti arba'in fa," in ji Martina.

Ya zauna. Ashe abin da Chuks ya tura masa guntu ne. Ko wuta aka ɗauke a ranar, ko wayar ce ta cika, Allah kaɗai ya sani. Shekara tara bai taɓa tambayar kansa me ya sa ba a rubuta sunayen 'yan wasa a ƙarshe ba. Ya ɗauka salo ne, har ya taɓa yi wa wani abokinsa bayanin hikimar hakan.

Fim ya ci gaba. Damina ta sauka, kogi ya cika, mai raba wasiƙu ya ɗauki kekensa ya nufi gada, amarya ta tsaya a bakin ƙofa da fitila. Jakar wasiƙun ce kaɗai ta dawo.

6. Idan kuka ya zo, ka ba shi hanya

Babu ko ɗaya daga cikin fuskokin madubi da ta yi amfani. Sebastian ya yi kuka irin na mai majina, a gaban surukar da yake fata, da rigarsa ta zuwa coci. Mutumin da ya jingina da shi duk shekarun nan, ashe tun farko ruwa ya ci shi.

Mama Elizabeth ta daɗe tana dubansa. "Wannan yana da zuciya," ta ce. "Martina, ƙaro masa shinkafa."

Idan nasara kawai kake nema, tsaya a nan. Ka ci jarrabawa.

7. Ka duba ko za ka iya zama da nasarar

Martina ta raka shi bakin titi don ya hau Keke Napep. "Ka san abin da ya burge ni?" ta ce. "Fuskarka ba ta iya ɓoye komai ba."

Keke biyu suka wuce bai tsayar ba. Ya ciro wayarsa, ya buɗe fim ɗin, ya miƙa mata. "Sau talatin da tara," ya ce. "Nawa a wurin bikin yake ƙarewa."

Ta dubi wayar, ta dube shi. Ba ta yi dariya ba. "Wato ka zauna kana yi wa uwata wasan kwaikwayo?"

"Awa biyu da minti goma. Sauran ba wasa ba ne."

"Ni ba zan faɗa mata ba."

"Na sani."

Washegari, da aka tashi daga makaranta, ya wuce Hanwa da alli a hannun rigarsa. Ya tarar da Mama tana tsince wake a tsakar gida. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya faɗi komai, har da gyaɗar. Ba ta ɗago ba sai da ta gama da abin da ke cikin faifan.

"Shekara tara kana zaton mutumin nan yana raye?"

"Eh, Mama."

"Allah sarki." Ta zuba waken a kwano. "Ni shekara ashirin ina binne shi. Lahadi ka zo da wayar taka. Ina so in ga irin naka, wanda ba ya mutuwa."

Gargaɗi: mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk wani baiko da ya watse, ko ƙofa da aka rufe, sakamakon bin matakan nan. Ba kowace uwa ce Mama Elizabeth ba. Wanda abin ya ɓaci masa, ya kai ƙorafinsa ga wanda ya tura masa fim.