Yadda Za Ka Ɗora wa Cikin Ƙasa Laifin Ƙofar Surukinka

Kai magini ne. Surukinka ya ba ka fili a sabuwar unguwa, ya ce ka gina masa shago, ƙofa ta kalli kudu inda titi zai bi. Ka aza kamfas, na'urar nan mai nuna arewa, a kan tarin rodi, ƙarfe ya ja allurar, ka bi ta ido rufe. Yanzu titi ya zo ta bayan shago, ƙofa na kallon kwata, matarka kuma ta daina yi maka magana. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawarin za ka fita fes.

1. Kada ka ambaci rodi

Ko a mafarki. In an tambaye ka inda ka aza kamfas, yi tari.

2. Durƙusa, ka fara daga ƙasa

Ka ce: "Baba, can ƙarƙashinmu akwai narkakken ƙarfe, yana juyawa kamar ruwa a tukunya. Motsinsa ne ya mai da duniya maganaɗisu, shi allurar kamfas ke bi." Wannan gaskiya ce, shi ya sa take da amfani. Gwanin ƙarya da bulon gaskiya yake gini.

3. Saki babbar maganar

"Wani lokaci, Baba, ƙarfen nan yakan rikice, allura ta koma nuna kudu a maimakon arewa. Ya sha faruwa, duwatsun ƙarƙashin teku sun riƙe shaidar." Ka jaddada teku. Tsoho ba zai je dubawa ba.

Ɓoye masa cewa rabon da a yi juyin an fi shekara dubu ɗari bakwai, kuma in ya tashi yakan ɗauki dubban shekaru. Bar shi ya zaci ranar Talata aka yi, kana tsakiyar awo.

4. Shagon maƙwabci

Zai nuna shi da sanda: "To wannan fa, da yake kallon titi?" Girgiza kai cikin tausayi, ka ce ranar Litinin aka auna nasa.

5. Yi shiru haka nan

A nan ni na yi ɓarna, kuma har yau abin na ci mini rai. Daɗin baki ya kwashe ni, na ce wa surukina ai wata rana allurar za ta sake juyowa. Tsohon ya kalli kwatar.

"Madalla," in ji shi. "Ashe gyara na tafe. 'Yata ta zauna wurina kafin nan. Ranar da allurar ta juyo, sai ka zo ka ɗauki matarka."

Gargaɗi

Duk abin da ya same ka, babu hannuna a ciki, kada ka neme ni. In ma ka nema, ina bayan shago da guduma, ina fasa sabuwar ƙofa.