Garkuwan Jarirai da 'Yar Tsanarsa

Duk faɗin birnin Toledo na Amurka babu mai ƙaunar jarirai kamar Lauya Thaddeus Prewitt. Mai musu ya ɗaga kai a babban titi, zai gan shi a allon talla, haƙora duk a waje, an rubuta "Garkuwan Jarirai". Shi ya raɗa wa kansa. Ma'aikatan kotu kuwa Rediyo suke ce masa, don in ya kunnu ba a san inda ake kashe shi ba.

Wurinsa Misis Odessa Kimbrell ta kai kukanta. Jikarta Marnie tana wata huɗu wata ma'aikaciyar gidan renon yara ta jijjiga ta don ta yi shiru. Ta kuwa yi. Yau shekararta biyar, ba tafiya, ba magana, ƙwaƙwalwa ta taɓu. Tsohuwar ba ta neman komai sai diyyar da za ta riƙe yarinyar bayan ranta.

"Kwantar da hankalinki," in ji Garkuwa, yana gyara gashi a gilashin taga. "Ni in na buɗe baki, ko kujerun kotu sai sun yi hawaye."

Ya sayo 'yar tsana, ya yi mako uku yana gwaji da ita gaban madubi. Marnie kuwa ya san ta sarai, a hoto.

Ranar shari'a, a ƙofar kotu, yarinyar ta yi gurnanin da takan yi in ta ji baƙuwar murya. Gogan naka ya ja da baya, ya kare rigarsa daga yawu.

"Ku jira a baranda. Jawabina akwai wuraren da ke bukatar shiru."

"Ai ita aka zo gani, Mista Prewitt."

"Ni aka zo ji, Misis Kimbrell."

Aka kuwa ji shi, awa biyu da rabi. Ya jijjiga 'yar tsana, ya rungume ta, ya yi kuka daidai inda ya sa alama a takarda, har ya ratse ya ba da labarin kyautar muhawara da ya ci a sakandare. Lauyan gidan reno ya tashi minti biyar kacal. Ya ce an yi kuskure, amma wa ya ga girman raunin? Mutum takwas da kotu ta zaɓo daga cikin jama'ar gari su yanke hukunci suka dubi juna. Roba kawai suka gani. Abin takaici, diyyar da suka yanke ko jinyar shekara ɗaya ba za ta kai ba.

Da aka tashi, ɗaya daga cikinsu, wani direban bas, ya iske tsohuwar tana goge wa Marnie baki. Ya tsaya cik.

"Baiwar Allah, wannan ce yarinyar? Don Allah me ya hana ku shigo da ita?"

Ta nuna Garkuwa da haɓa, yana can yana yi wa 'yan jarida bayanin nasara.

"Wai kada ta katse shi," in ji ta.