Dariyar da na ɗauko a Jiratawa

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, da misalin ƙarfe tara da rabi na safe, a fadamar Jiratawa. Waɗanda ke wurin su ne ni da mata huɗu masu yankan zogale. Aikina karanta labarai a gidan rediyo a Maradi, amma a lokacin na kamu da ciwon da ya kama abokan aikina duka: kowa da shafinsa, kowa da bidiyonsa. Na je ne in ɗauko "rayuwar karkara" (haka na rubuta a takardata, da hannuna).

Ban yi wa matan sallama ba. Na riga na yanke hukunci cewa in ka nemi izinin mutum, fuskarsa daskarewa take yi. Na ɗaga waya ina tafiya a bakin magudanar ruwa, idona a kan wayar, sai ƙafata ta dama ta zurma cikin taɓo har gwiwa. Uku daga cikin matan suka kau da kai. Ta huɗun, mai wani tsohon lulluɓi, dariya ta kuɓuce mata kafin ta rufe baki. Wayar ba ta daina ɗauka ba, kuma fuskar matar ta kama.

Da na koma gida Sabon Gari na duba, na ga abu ya yi kyau. Na yanke inda hoton ya girgiza, na yanke salatin da na yi, na bar dariyar tsura. A ƙasa na rubuta: "Annashuwa a gonakin Jiratawa." Har kiɗa na sa, sannan na ɗora a shafina. (Allah ya yafe mini kiɗan nan.)

Ranar Alhamis wata abokiyar aikina, ƴar Jiratawa, ta tsare ni a ƙofar situdiyo ta tambaye ni ko na san matar. Sunanta Rabi. Mijinta bai cika wata da rasuwa ba, takaba take yi. Ta fita ne saboda zogale ba ya jiran kowa, kuma da gonar take ciyar da ƴaƴanta uku. Yanzu bidiyon ya isa wayar dangin mijin. Maganar da ake yi ita ce a mayar da ita gidan iyayenta a Tsibiri, a riƙe gonar da yaran.

Abin da na fara yi, don ku san irin mutumin da ke ba ku labari, shi ne kiran wani abokina lauya. Na tambaye shi ko akwai laifi, tunda wurin jama'a ne. Ya ce ɗaukar taro a kan hanya daban, tsamo fuskar mutum guda ka watsa ba da saninsa ba daban, kuma in har matar ta kai ƙara, ita zai fi son ya tsaya wa. Na goge bidiyon daga shafina. A wayoyin mutane kuwa yana nan.

Juma'a da hantsi ina zaune a zauren gidan mijin. Ga Malam Idi, yayan mamacin, ga Inna, mahaifiyarsu, a bakin ƙofar ciki. Rabi ba ta fito ba. Na yi gaisuwar rashi, sannan na shiga bayani da muryar labaran ƙarfe ɗaya: na farko, na biyu, na uku. Na ce ni ta yi wa dariya, ni na faɗa taɓo. Malam Idi ya ce to in nuna musu wurin faɗuwar.

Babu shi. Na goge asalin tun daren Talata don wayar ta cika.

Sai na miƙe, na naɗe wando, na ɗaga hannu kamar mai riƙe da waya, na kwatanta faɗuwar a kan ƙafa ɗaya, a gaban uwar da ta binne ɗa. Ba wanda ya ko motsa. Ina nan tsaye a karkace, bakina ya ƙara da cewa ai fili ne na kowa.

Inna ta ce, "Ɗan nan, zamna. Hili na kowa na, hwuskar hwa?"

Malam Idi ya ce, "Malam, kai kana tsammani ba mu san tana hita ba? Duk gidanga mun sani. Da sahe kowa kau da kai yakai. Kai ka hana mu kau da kai."

Na ba da haƙuri, na roƙi a bar Rabi a gidan. Ya ce maganar ta fi ƙarfin zauren, don kawunnansu da ke nesa sun gani, kuma su ba su san taɓo ba, dariya suka sani. Na nemi a isar mata da roƙon gafarata. Aka shiga aka fito, aka ce ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Darasin da na samu bai kai tsadarsa ba, kuma ba ni na biya ba: sallama ɗaya da ta ishe ni sanin wadda ba za a ɗauka ba. Yanzu ko rumfar mai tumatir zan ɗauka sai na tambaya, har wasu na ɗaukata wani iri.

Rabi ta ƙarasa takabarta a Tsibiri, tare da ƙaramar ƴarta. Manyan yaran biyu suna Jiratawa, kuma Malam Idi ke yankan zogalen.