Ranar Da Na Zama Inna Aina'u

Jama'a, yau da safe na ga hotona a allo. Ba ƙaramin allo ba, irin mai ƙafafun ƙarfe da ake kafawa a bakin titi, daidai kwanar Rijiyar Zaki. Ina bayan motar tumatir daga Watari, mun maƙale a layin mai, na ɗaga kai sai ga ni lulluɓe da mayafi, kofi a baki. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: "Inna Aina'u, shekara tamanin da biyu, ta murmure." To ni ne, Muhammadu Sani, mai gemu da 'ya'ya bakwai.

Inna Aina'u mahaifiyata ce. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita bara, abinci ya fita daga ranta. Haƙora sun ƙare, tuwo sai ta lasa ta ture. Akwai Fadima, ma'aikaciyar lafiya mai zagaya gidajen tsofaffi a garinmu, tana zuwa duk Laraba da ɗan tef ɗin awon damtse. Rannan ta auna, sannan ta ja ni zaure.

"Malam Sani, hannun nan ya koma na yarinya. In aka tafi a haka, ina tsoron ba za ta ga kaka ba."

Wallahi na ji tsoro.

Ana haka sai muka ji a rediyo cewa Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, ya ƙaddamar da shirin ciyar da tsofaffi a gida. Kwana biyu manya suka yi a otal suna nazarin yunwarmu. Maƙwabcina Abdulkabir, wanda ya je jera musu kujeru, ya dawo yana rantsuwa. "Da idona na ga wani babba ya ci cinyar kaza huɗu yana share hawaye saboda tausayin talakawa." Na ce ka ji shugabanni na gari, suna cin abinci a madadinmu.

Abin da ya iso ƙauye shi ne ƙunshin garin kunu mai gina jiki, hoton Mai Girma ya fi garin girma. Duk da haka gari ne mai kyau, ban raina ba. Sai dai da sharaɗi: dole a ɗauki hoton tsoho yana sha, jami'in rabo na tsugune a gefensa, saboda wai da can jami'ai a gindin bishiya suke cike takardu. Babu hoto, babu gari.

Jami'in yankinmu kuwa Kamilu ne, mijin ƙanwata Rahmatu. Shekara ashirin da biyu Inna ba ta taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. Sunansa ma ba ta faɗa, "mutumin Bacirawa" take cewa. Shi ma daga bakin ƙofa yake cire takalmi ya durƙusa ya gaishe ta, kansa a ƙasa.

Ranar rabo Fadima ta dama kunu, Kamilu ya tsuguna da waya yana gumi. Inna ta ja mayafi ta juya wa duniya baya.

Na ce, "Inna, kurɓa ɗaya kawai."

"In sha a gaban wa? Ku bar ni in tafi da mutuncina."

"Inna, gwamnati ce ta ce."

"Ita gwamnatin ba ta da suruki ne?"

Kamilu ya fita ya kira ogansa, ko za a turo wani jami'in. Muna jin amsar daga zaure: "Na'urar tantance hoto ba ta san suruki ba, kuma yau ake rufewa." Nan Abdulkabir, wanda bai taɓa ba da shawarar da ta ƙare lafiya ba, ya ce, "Ai mace ce mai lulluɓi, wa zai nemi fuska? Malam Sani, zauna."

Na zauna. Ba ina alfahari ba ne, amma uwata ce. Aka rufa min mayafinta, kofi ya ɓoye gemu, Kamilu ya danna waya yana cije leɓe. Aka ba mu ƙunshi huɗu. Yana fita Inna ta shanye kofi guda, cikin mako biyu har ta fara zama ba jingina.

Mako na uku Kamilu ya zo hannu rabbana. "Yaya, kwamiti ya haɗa awon Fadima da hoton nan. Sun ce ba su taɓa ganin nasara irin wannan ba, tsohuwa ta cika, damtse kamar na manomi. An cire ta daga jerin mabuƙata. Ni kuma an ba ni takardar yabo."

Ashe hannuna da ke riƙe da kofi muka manta ba mu rufe ba. Kuma ba halin in je in ce ni ne, sai a kori Kamilu, in shiga uku wajen Rahmatu. Haushin kaina ya kama ni har na kasa haɗa ido da Fadima.

Ita kuwa dariya ta yi har da riƙe ciki, sannan ta ce a buɗe mata rumbu. Gero, gyaɗa, waken suya, aka soya aka niƙa, aka tsinko zogalen bayan gida aka shanya a inuwa. "Kaɗan-kaɗan, sau biyar a rana, da ɗan nono in an samu. Kuma kar a ajiye mata kwano a tafi. A zauna da ita, tsoho ba ya son ci shi kaɗai." Ni nake zama, ina ba ta labarin gona tana zagina a kan ban iya shuka ba. Larabar da ta wuce tef ya ƙaru da faɗin farce. Na fita bayan gida na yi kukana, ba mai gani.

Da na dawo yau na nuna wa Inna hoton allon a waya. Ta ƙura masa ido.

"Wace ce wannan ƙatuwar da mayafina?"

"Ke ce, Inna, in ji gwamnati."

"To ka gaya musu ta ƙoshi. Su kai wa Zulaihatu ta bayan masallaci, ita ko mai dama mata babu."

Na kira Kamilu na faɗa masa. Ya ce ba zai yiwu ba, an rufe rabo a garinmu gaba ɗaya, tunda hoto ya nuna tsofaffinmu sun warke. Don haka daga gobe kofi biyu za a riƙa damawa a gidanmu. Ranka ya daɗe Mai Girma, in za a sake buga allon, don Allah a ɗan rage min tumbi.