Yadda Za Ka Gamsar da Iyarka Cewa Binciken Ƙwaƙwalwa Aiki Ne

Kai da ka yi karatu har Turawa suka gaji suka ba ka dakta, amma a gidanku ana tambaya ko ka sami abin yi, matso kusa. Bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin a gama cire tumatirin bana Iyarka za ta ɗaga kai da kai a cikin mata. An gwada su a kan Dakta Hambali na Bunkure, mai binciken yadda lantarki ke gudu a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kuma har yau yana nan da ransa.

1. Shigo gari da nauyinka

Ajiye Fijo a bakin kanal ɗin ban ruwa, inda kowa zai gani. Gyara tabarau. Za a kawo maka marasa lafiya, to kada ka kuskura ka ce kai ba irin wannan daktan ba ne. Hambali ya faɗa wa maƙwabciyarsu Saude haka, tana riƙe da gwiwarta, Iya kuwa tana ji daga tsakar gida. Tun ranar, idan mata suka tambaye ta aikin ɗanta sai ta ɗauko zancen albasa. Wannan ya ci wa Hambali rai ƙwarai, don duk wahalar da ya sha saboda ita ya sha.

2. Yi bayani da abin da aka sani

Ka ce ƙwaƙwalwa kamar ruwan madatsar Tiga take: babban kanal ya ba ƙanana, ƙanana su kai wa kowace gona. Hambali ya zuba wannan bayani har da zane a ƙasa. Kawunsa Datti ya gyaɗa kai, ya ce ashe a ma'aikatar ruwa yake, to ya sa baki a sakar masa ruwa, alkamarsa na ƙonewa. Masana sun tabbatar ba a yi wa manomin rani misali da ruwa.

3. Kawo maganar ambato

Sanar da ita malaman Ingila da Indiya suna ambaton sunanka a rubuce-rubucensu.

"Suna ambatonka ba ka nan?" in ji Iya. "Me ka yi musu?"

Kafin la'asar ta sa an yi wa Hambali rubutun tsarin baki. Shanye naka kawai, gardama ba ta rage ɗacinsa.

4. Faɗi abokan aikinka

A nan Hambali ya yi suɓul da baka, kai ma ka yi.

"Ba ni kaɗai ba ne, Iya. Akwai masana kimiyyar fiziks, su ke haɗa na'urar awo. Mu taru a kan aiki ɗaya har a gama."

"Gayya ke nan."

"Kusan haka ne."

"To me ka ba su suka ci?"

"Ba a ba da abinci, Iya. Sunan kowa ake rubutawa."

Iya ta saki salati. A garin nan wanda ya kira gayya ya sallami mutane da yunwa, har jikokinsa sai an yi musu gori. Ga nata ɗan ya yi shekaru yana yi, har da mutanen ƙasashen waje.

5. Kawo ɗaya ta gani

Hambali ya ɗauko abokin aikinsa Farfesa Sammani daga Zariya don ya wanke shi. Suka tarar da zaure cike da kwanuka: tuwon shinkafa, miyar taushe, kunu, fura, an ƙirga har da rabon malaman Ingila. Iya ta tsaya a bayan ƙofa.

"Malam, ku yi haƙuri. Wallahi ban san yaron nan ya kira gayya ba. Ba tarbiyyata ba ce."

Farfesa ya ajiye lomarsa. "Iya, ai mu ma idan muka kira tamu, shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tashi."

Iya ta juya wajen Saude da matan da suka taya ta girki, ta ɗaga murya yadda har na bayan katanga za su ji.

"Kun ji dai. Ban san abin da yake nomawa ba, amma idan ya kira, har daga bayan teku ake amsawa. Idan an kira shi kuma ba ya noƙewa."

Hambali ya cire tabarau ya hau gogewa, alhali babu abin da ya same shi. Daɗin da ya ji bai taɓa jin irinsa a wani taro ba.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a ruku'un da ya gagari Farfesa a sallar la'asar. Haka kuma idan Iyarka ta ɗaura maka busasshen tumatir ƙulli-ƙulli, ta ce ka kai wa kowane malamin Ingila nasa, kai za ka yi wa 'yan kwastan bayani. Ni ba mu taɓa haɗuwa ba.