Mai Gishiri ko Mai Albasa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Faifai na Marlpit, London, tare da ƙwararrun injiniyoyinsa masu tsabtar kunne.

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da babban ofis, ina fata kana lafiya, kuma ofishin naka yana nan shiru tsit, yadda na lura kuna son abubuwa.

Sunana Glenys Thackray, daga Grimsby. A ɗakin girkin makarantar firamare na yi aiki har na yi ritaya, kuma ban san komai game da kiɗa ba sai saurare. Na sayi akwatin faya-fayen da kuka fitar na marigayi mawaƙi Lenny Garforth, inda kuka tara waƙoƙinsa na bayan faifai da duk abin da kuka tsinto a ƙarƙashin gadonsa. Na saurare shi daga farko har ƙarshe, abin da nake zaton ko ku ba ku yi ba. Ina da 'yan ƙorafe-ƙorafe, na sa musu lamba don kada in ɓata maka lokaci.

Na ɗaya. A ɗan littafin da ke cikin akwatin kun buga hoton kulob ɗinmu na ma'aikatan tashar jiragen ruwa, kuka rubuta a ƙarƙashinsa cewa a Hull yake. Na san daga London duk garin da ke warin kifi ɗaya ne. Mun yafe, amma mutanen Hull ban san ko za su yafe ba.

Na biyu. Malamin da ya rubuta muku littafin, wanda na ga alama ba a haife shi ba a lokacin, ya ce waƙar "Laima a Cikin Ɗaki", wadda aka ɗauka a kulob ɗin a 1981, ta daɗe tana fama da "ihun wani mashayi da ba a san ko wane ne ba". Cikin ladabi nake sanar da kai cewa an san shi. Sunansa Desmond Thackray, mai fiɗar kifi, mijina. Ba a buge yake ba, don layi bai ma zo kansa ba. Yana tsaye a gaban kantar sayar da abin sha ne, ni ina zaune can gaba. Lenny, da matsattsen wandonsa da gashinsa a tsaye irin na samarin sabon yayi, ya kai wurin da kiɗa ke ɗaukewa gaba ɗaya kafin baitin ƙarshe. Des bai taɓa sanin inda waƙa ke yin shiru ba. Sai ya ɗaga ledoji biyu na soyayyen dankali ya ƙwala: "Glenys! Mai gishiri ko mai albasa?"

Ban amsa ba. Kunya ta sa na nutse cikin kwat ɗina, shi kuwa ya sayo duka biyun. Haka tambayar ta shiga faifai, a bayansa, inda kamfaninku na wancan zamani ya tabbata ba mai juyawa ya ji.

Na uku. Kun goge shi. A shafin ƙarshe har kun yi alfahari da sabuwar na'urar da ta "tsarkake waƙar". Ina taya ku murna, aiki ya yi kyau, ko tabo babu. Sai dai akwai abin da na'urar ba ta lura da shi ba. Da Lenny ya ji tambayar, dariya ta kama shi, ya shiga baitin ƙarshe muryarsa tana rawa. Wannan kun bar shi. Yanzu ga mutum yana rera cewa masoyiyarsa ta tafi ta bar shi, yana danne dariya ba gaira ba dalili. Shin wannan ne mutuncin da kuka ce kun dawo masa da shi? Ko kuwa so kuke 'yan baya su ɗauka ba shi da cikakken hankali?

Na huɗu. Ina neman ƙarin haske kan yadda kuke bambanta hayaniya da tarihi. A faifai na uku kun saka Lenny yana tari. Kun saka shi yana gyara tsirkiyar gitarsa, har kun ba abin suna. Kun saka shi yana tambayar wani ko akwai sauran madara. Duk waɗannan kun kira su taskar da ba kasafai ake samu ba. Ashe tambayar madara fasaha ce, tambayar dankali kuma datti? Idan akwai ka'ida a rubuce, ina son kwafi, da manyan haruffa don idona.

Shi mai waƙar bai ɗauke ta datti ba. Bayan shekaru, da tauraronsa ya dushe, mun haɗu da shi a kasuwa yana zaɓen tumatir. Des ya buɗe baki zai gaishe shi ke nan, sai Lenny ya juyo ya ce, "Kai ne mai albasa, ko? Yallaɓai, ka fi ni suna a waƙata." Des ya ce, "To ai ni na fi ka ɗaga murya." Ya ba da labarin nan a kowane biki da kowace jana'iza har tasa ta zo.

Na biyar. Za ka ce in koma wa tsohon faifaina. Na koma, na kuma komawa, shi ya sa ya ƙare. Tun da Des ya rasu nake ɗaga allurar garmaho in mayar da ita daidai wurin nan, har ta cinye shi. Yanzu in ta iso sai ta yi ƙara ta tsallake. 'Yata Lorraine ta duba min a waya, ta tarar kun bi ko'ina kun sauya tsohuwar da sabuwa, wanda ya nuna kamfaninku ba ya aikin rabi da rabi. Ta ce, "Mama, ki bari, za mu nemo miki wani faifan." Tana nema har yanzu. Masu tara irinsa ba sa sayarwa, ba sa kuma saurare, a leda suke rufe shi.

Des ba mutumin hoto ba ne, balle ɗaukar murya. In wayar gida ta ce a bar saƙo, ajiyewa yake. A duk duniya muryarsa wuri ɗaya ta rage, kuma don ita na sayi akwatinku. Na yi kewarsa ƙwarai, ranka ya daɗe, kuma ban iya faɗin wannan da lamba ba.

Ba na neman a mayar min da kuɗi, ba na kuma neman ku ɓata tsabtar waƙarku. Na yi shekaru ina shara, na san duk wanda ya share ɗaki akwai inda ya tara sharar. Ina roƙon ka sa wani ya duba kwandon na'urar nan. Abin bai fi numfashi ɗaya ba, ba kiɗa a ciki, ba haƙƙin kowa. Ku aiko min da shi yadda yake, kada a gyara.

Ina roƙon a hanzarta, saboda wani dalili na cikin gida. Abin da ban yi ba a kulob, na saba yinsa a falo: in Des ya tambaya, sai in amsa. Jiya na sa sabon faifanku ina guga, kiɗa ya ɗauke, shirunku mai tsabta ya zo, sai na ji bakina ya ce, "Mai albasa." Ba wanda ya tambaye ni.

Ina miƙa matuƙar girmamawa gare ka da na'urarka, da fatan ba za ta ga wannan takarda ba kafin kai.

Taka mai biyayya,
Glenys Thackray,
matar mashayin da ba a san ko wane ne ba,
Grimsby, ba Hull ba.